Yadda Sinadaran Jikin Mace Ke Ciyar da Sankarar Mama

Mata biyu kan je asibiti rana ɗaya, kowace da ƙullutu a mama, girman ƙullutun ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya, a yi musu aiki iri ɗaya. Bayan 'yan makonni sai a ce wa ɗaya za ta riƙa shan wata 'yar ƙwayar magani kullum har shekara biyar ko goma, ɗayar kuma a ce mata wannan magani ba abin da zai yi mata, ita kemo za a sa mata. Dangin ta biyun sukan ɗauka an nuna musu bambanci, ko likita ya raina aljihunsu. Alhali abin da ya faru shi ne cututtukan nasu sun bambanta tun daga tushe. Sankarar mama iri-iri ce, kuma babbar tambayar da ke raba ta ita ce: wannan ƙullutun yana jiran sinadaran jikin mace ne kafin ya girma, ko ya riga ya tsaya da ƙafarsa?

Sinadaran da ake nufi su ne homon. Jiki ke yin su a wani sashe, ya sake su cikin jini, su tafi can wani sashe su ba da umarni. Suna da yawa, amma biyu ne suka fi shafar mama: istrojin da furojestaron, waɗanda jakar ƙwan mace ke fitarwa tun daga balaga har ranar da al'ada za ta ɗauke. Su ke sa yarinya ta fara ƙirgar dangi, su ke shimfiɗa hanyoyin ruwan nono a ƙirjinta, su kuma shirya su ga shayarwa idan ta samu ciki. Kowane wata istrojin na hawa kafin fitar ƙwai, furojestaron ya biyo bayansa, sai ƙwayoyin halittar da ke jikin hanyoyin nono su shiga rabuwa biyu-biyu don shirin cikin da wataƙila zai shiga. Nauyi da tsamin da mata da yawa ke ji a mama gab da al'ada alamar wannan aikin ce. Idan ciki bai shiga ba, sinadaran su sauka, rarar ƙwayoyin su mutu, wata mai zuwa a sake daga farko. Macen da ta fara al'ada tana shekara 13 ta daina tana 50, in ba ciki ko shayarwa sun katse ba, za ta yi wannan zagaye fiye da sau 400.

Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai ta kwafe kundin gadonta, wato DNA, mai haruffa biliyoyi, kuma kwafi mai yawa haka ba ya rasa kuskure. Yawancin kurakuran jiki kan gyara su, ko ya kashe ƙwayar da ta lalace. Amma yawan kwafi na buɗe ƙofa ga kuskuren da zai kuɓuce. Wata rana sai a samu ƙwayar da ta daina jin umarnin tsayawa, amma tana jin na rabuwa sarai. Daga nan istrojin zai ci gaba da kiran ta, wata bayan wata, shekara bayan shekara, ita kuma tana amsawa. Don haka ban yarda da masu cewa kai tsaye istrojin ne ke kawo sankara ba. Duk mace na da shi, kuma ƙashinta da mahaifarta da jijiyoyin jininta duk suna bukatarsa. Gaskiya ne bincike ya nuna wasu ɓurɓushin da yake rikiɗa ya koma a jiki na iya taɓa DNA, amma babban tasirinsa shi ne ƙara yawan rabuwa, da renon ƙwayar da ta riga ta ɓaci.

An daɗe da hango alaƙar kafin a san dalilinta. A 1713 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta cewa cutar ta fi yawa a tsakanin matan coci masu zaman zuhudu, waɗanda ba sa aure, ba sa haihuwa. Wanda ya fara taɓa abin da hannunsa kuwa shi ne George Beatson, likitan fiɗa a birnin Gilasgo na Sikotland, kuma a wurin dabbobi ya ɗauko darasin. Ya ji cewa a wasu ƙasashe makiyaya kan cire wa saniya jakar ƙwai bayan ta haihu, sai ta daɗe tana ba da nono bai ƙafe ba. Ya ce ashe jakar ƙwai na da iko a kan mama duk da nisan da ke tsakaninsu. A 1895 aka kawo masa wata mata mai shekara 33 wadda sankara ta dawo mata bayan an cire mama, ta bazu a ƙirji har ba a iya sake yanka wurin. Ya cire mata jakar ƙwai duka biyu. Cikin 'yan watanni ƙullutan suka motse, matar ta ƙara kusan shekara huɗu a duniya. Ya buga rahotonsa a mujallar Lancet a 1896, lokacin da ba wanda ya san akwai wani abu wai shi istrojin, domin sai a 1929 aka iya ware sinadarin a ɗakin gwaji.

Likitoci suka ɗauki dabarar, amma nan da nan suka ci karo da abin ɗaure kai. Kimanin mace ɗaya ce cikin uku ke samun sauƙi, sauran biyun an yanka su a banza, kuma ba wanda ke iya faɗin wacece za ta amfana kafin a shiga da ita ɗakin fiɗa. Aka yi fiye da shekara sittin ba amsa. A tsakani, a 1932, Antoine Lacassagne a Faransa ya riƙa yi wa ɓeraye maza allurar istrojin har suka kamu da sankarar mama, wanda ya nuna hannun sinadarin a fili. Bakin zaren sai a 1958 aka kama shi, a hannun Elwood Jensen na Jami'ar Shikago. Ya yi wa istrojin wata alama da za a iya bin sawunta a jiki, ya ba ɓeraye mata, ya ga sinadarin bai zauna a tsoka ba, sai ya je ya maƙale a mahaifa. Akwai wani abu a cikin ƙwayoyin mahaifar da ke kama shi ya riƙe. Wannan abin shi ne makarɓin istrojin, wanda ake rubutawa da haruffa biyu a takardar sakamakon asibiti: ER.

Makarɓin nan wani furotin ne da ke zaune cikin ƙwayar halitta. Istrojin, da yake daga dangin kitse jiki ke sarrafa shi, yana ratsa bangon ƙwayar ba wuya, ya shiga ya manne masa. Da sun haɗu sai makarɓin ya canza siffa, ya jawo wani irinsa, su biyun su je su zauna a wasu wurare na musamman a jikin DNA su kunna ɗaruruwan umarni, ciki har da na rabuwa da na ƙin mutuwa. Ɗaya daga cikin abin da suke kunnawa shi ne ƙera makarɓin furojestaron, mai haruffa PR, shi ya sa ganin PR a ƙullutu ke nuna hanyar istrojin na aiki sosai a cikinsa. Ƙwayar da ba ta da makarɓi kuwa, ko jini ya cika da istrojin ba ta san ana yi ba. Da wannan aka gane sirrin tiyatar Beatson: masu samun sauƙi su ne waɗanda sankararsu ke ɗauke da makarɓin.

A Turai da Amurka, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na sankarar mama na da ER. Kashi 15 zuwa 20 na girma ta wani furotin daban mai suna HER2, wanda ke da nasa maganin, tirastuzumab, tun 1998, kuma akan samu mai HER2 da ER tare. Sai rukunin da ba shi da ko ɗaya cikin ukun, wato ER da PR da HER2. Shi ya fi saurin girma, ya fi kama mata masu ƙananan shekaru, ya fi yawa a cikin matan da asalinsu Afirka ta Yamma ne, kuma kemo ne ginshiƙin maganinsa. Maza ma na kamuwa da sankarar mama, kimanin ɗaya cikin ɗari na masu cutar ko ƙasa da haka, kuma kusan duk tasu mai ER ce.

Wanda ya fahimci wannan ba sai ya haddace jerin abubuwan da ke ƙara haɗari ba, domin galibinsu magana ɗaya suke yi: tsawon lokacin da mama ya yi yana jin kiran istrojin. Masu bincike a Jami'ar Oksfod sun tattara bayanai daga ƙasashe da dama, suka nuna a 2012 cewa duk shekara ɗaya da yarinya ta riga fara al'ada na ƙara haɗarin da kimanin kashi 5 cikin 100, duk shekarar da al'ada ta jinkirta ɗaukewa kuma na ƙara kusan kashi 3. Tun a 2002 sun haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, suka gano kowace haihuwa na rage haɗarin da kashi 7, kowane wata 12 na shayarwa kuma na ƙara rage kashi 4.3. Cikin da ya kai ga haihuwa na sa ƙwayoyin mama su nuna, su kai ga cikar aikinsu na yin nono, shayarwa kuma na dakatar da fitar ƙwai na wani lokaci. Kada wani ya ɗauki wannan hujjar aurar da ƙaramar yarinya. Haɗarin naƙuda a jikin da bai ƙosa ba, daga yoyon fitsari har rasa rai, ya fi kusa kuma ya fi girma nesa ba kusa ba.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai ce: to ai matanmu na haihuwa da yawa, suna shayarwa kusan shekara biyu kafin yaye, me ya sa cutar ke ɗauke mana su haka? Kariyar gaskiya ce, don yawan kamuwa a yankinmu bai kai na Turai ba. Sai dai ragi ne kawai take yi. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna mata miliyan 2.3 suka kamu a duniya, kimanin 670,000 suka rasu. A Nijeriya kaɗai fiye da 32,000 suka kamu, fiye da 16,000 suka rasu, wato kusan rasuwa ɗaya ga kowane kamuwa biyu, kuma babban dalili shi ne zuwa asibiti bayan cutar ta yi nisa. Sannan kariyar haihuwa ta fi aiki a kan nau'in mai ER, kuma sai shekaru sun ja take bayyana. A shekarun farko bayan haihuwa haɗarin ɗan hawa ma yake yi. Wannan ne abin da ya fi damuna, domin daidai lokacin ne mai goyo za ta ji tauri a mama, uwa ko uwar miji ta ce, "Nono ne ya kwanta miki, 'yar nan, a gasa da ruwan zafi." Sau da yawa haka ɗin ne. Amma taurin da ya yi mako biyu bai baje ba, a kai shi gaban likita, ko da ciki, ko da goyo.

Da yawa kan zaci idan al'ada ta ɗauke istrojin ya ƙare. Jakar ƙwai dai ta daina, amma wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda na ci gaba da fitar da sinadarai dangin na maza, wani sinadari mai suna aromates kuma ya juya su zuwa istrojin. Mazaunin aromates mafi girma shi ne kitsen jiki, har da kitsen da ke kewaye da ƙullutun kansa. Don haka macen da ta manyanta, gwargwadon ƙibarta gwargwadon istrojin da ke yawo a jininta, kuma haɗarinta na hawa tare da shi. A wurinmu da ake yi wa Hajiya kirarin ta yi kyau idan ta yi jiki, wannan magana ba ta da daɗin ji, amma gaskiya ce. Motsa jiki na rage haɗarin, giya kuma na ƙara shi.

Sai homon ɗin da ake sha daga waje. A Amurka da Turai miliyoyin mata sun yi shekaru suna shan haɗin istrojin da furojestin, wato maganin da ke aikin furojestaron, don rage zafin jiki da gumin ɗaukewar al'ada. A Yulin 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai mata 16,608 tun lokacinsa bai cika ba, saboda an ga haɗin ya ƙara sankarar mama da kashi 26 cikin 100, wato ƙarin mata 8 cikin kowane 10,000 a shekara. Mata suka yi ta watsar da maganin, a 2003 yawan kamuwa a ƙasar ya faɗi da kusan kashi 7, galibi a nau'in mai ER. Abin lura, matan da aka cire wa mahaifa suka sha istrojin shi kaɗai ba su nuna wannan ƙari ba a gwajin, wanda ya sa masana suka ƙara sa ido a kan rawar furojestin. Maganin tazarar haihuwa shi ya fi shafar mu. Wani bincike a Denmak a 2017, mai mata miliyan 1.8, ya samu ƙarin kashi 20 cikin 100 ga masu amfani da na homon. Adadin na da ban tsoro a kunne, amma da yake cutar ba ta da yawa a ƙuruciya, a aikace ƙarin mace ɗaya ce cikin 7,690 a shekara. Haɗarin na raguwa bayan an daina, ƙwayar tazarar kuma na rage sankarar jakar ƙwai da ta mahaifa. A ƙasar da haihuwar kunika ke cin rayukan mata, ba na ganin wannan ya isa dalilin guje wa tazara. Wadda ta taɓa yin sankarar mama ita ce ya kamata ta nemi hanyar da ba ta homon ba.

Dogaron da cutar ke yi da istrojin shi ne kuma lagonta. A 1962 wata masaniyar haɗa magunguna, Dora Richardson, ta ƙera wani sinadari a kamfanin ICI na Ingila, ana fatan ya zama maganin hana ɗaukar ciki. A ɓera ya hana, a mace kuma sai ya sa ƙwai ya fita. Saura kaɗan a jefar da shi, amma shugaban aikin, Arthur Walpole, ya dage a gwada shi kan sankara. A 1971 asibitin Christie da ke Mancesta ya ba da rahoton cewa mata 10 cikin 46 da cutarsu ta yi nisa sun samu sauƙi. Maganin shi ne tamoksifen. Yana shiga ya manne wa makarɓin a gurbin istrojin, amma ya murɗe masa siffa ta yadda a mama ba zai iya kunna umarnin rabuwa ba. Daga baya wani mai bincike, Craig Jordan, ya nuna amfaninsa ya fi yawa idan aka ba shi da wuri bayan tiyata, aka kuma daɗe ana sha. Nazarin da masanan Oksfod suka fitar a 2011 ya nuna shan sa shekara biyar na rage mutuwa daga sankara mai ER da kimanin kashi ɗaya cikin uku har tsawon shekara 15. Ga mai sankarar da ba ER kuwa, kusan babu amfanin komai. Ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 20 a rana, tana cikin mafi arha a magungunan sankara, kuma ban san wani magani mai arha haka da ya ceci mata masu yawa haka daga wannan cuta ba.

Ba ya rasa illa. Akwai zafin jiki da gumin dare, akwai rikicewar al'ada. A mahaifa aikin istrojin yake yi maimakon ya hana, don haka yana ninka haɗarin sankarar mahaifa sau biyu zuwa uku, musamman ga waɗanda suka manyanta, yana kuma iya jawo daskarewar jini a jijiya. Duk mai shan sa da ta ga jinin da ba ta gane ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, kada ta kwana ba ta je asibiti ba. Ga wadda al'adarta ta ɗauke akwai wata hanyar, magungunan da ke toshe aromates irin su anastrozol da letrozol da eksemesten, waɗanda ke hana kitse yin istrojin. Sun ɗan fi tamoksifen hana dawowar cutar, amma suna sa ciwon gaɓoɓi da raunin ƙashi. Ba sa aiki ga mai ganin al'ada sai an fara kwantar da jakar ƙwanta da allura irin goserelin, ko an cire ta, wato dabarar Beatson har yau tana nan.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ɗorewa. Mace ta sha wahalar tiyata da kemo da gashi, wuri ya warke, ta koma harkokinta, sai ta ce, "Likita, ai an cire, me zan yi da magani kuma?" Manomi zai fi kowa gane amsar. Irin ƙuduji kan kwanta a ƙasa fiye da shekara goma bai tsiro ba, yana jiran wani sinadari da saiwar dawa ko gero ke fitarwa, ranar da ya ji shi sai ya farka ya maƙale. Haka wasu ƙwayoyin sankara mai ER kan sulale tun kafin tiyata su laɓe a ɓargo, ba hoton da ke ganin su, suna jiran kiran istrojin. Wani nazari na 2017 a kan mata kusan 63,000 da suka gama shekara biyar na magani ya nuna cutar na ci gaba da dawowa a hankali har shekara ta 20. Ga mai ƙaramin ƙullutu da bai taɓa kaluluwar hammata ba, haɗarin kashi 13 ne cikin 100, ga mai babba da ya kama kaluluwa da yawa kuwa ya kai 41. Saboda haka ne ake ce wa wasu su kai shekara goma. Gwajin ATLAS ya nuna ƙarin shekara biyar na tamoksifen ya sauko da mutuwa daga kashi 15 zuwa kimanin 12 a shekarun da suka biyo baya. Wadda illar magani ta dama ta gaya wa likita a canza mata, ya fi ta ajiye shi a ɓoye.

Wani lokaci cutar kan bijire. Makarɓin kan rikiɗe ya riƙa aiki ba tare da istrojin ba, sai maganin ya daina ci. Ga irin wannan akwai allurar fulbestiran da ke ruguza makarɓin ɗungurungum, da wasu sababbi irin falbosikilib, wanda ya fito a 2015, masu tsayar da rabuwar ƙwayar daga wata ƙofa, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Akwai kuma batun da ke hana matasan mata barci, wato haihuwa. Ba a ɗaukar ciki ana shan tamoksifen, don yana iya cutar da ɗan tayi, kuma matar da ke tsoron gori ko kishiya ba ta ganin shekara biyar a matsayin ƙaramin lokaci. Gwajin POSITIVE da aka buga a 2023, mai mata fiye da 500, ya nuna wadda ta sha magani wata 18 zuwa 30 na iya dakatawa har shekara biyu ta haihu ta koma, kuma a shekaru ukun farko ba a ga ƙarin dawowar cutar ba. Shawara ce da ake yankewa da likita, da miji a zaune.

Duk wannan bayani ya rataya a kan gwaji ɗaya. Ana yanko ɗan nama daga ƙullutun, a fere shi siriri a kan gilashi, a zuba masa sinadarin da ke bin makarɓin. Idan likitan gwaji ya leƙa madubin ƙara girma, cibiyar duk ƙwayar da ke da ER za ta fito ruwan ƙasa-ƙasa, maras shi ta tsaya shuɗiya. Ko kashi 1 cikin 100 ne suka yi launin, ana lissafa ta mai ER. An daɗe ana cewa sankarar matan Afirka galibi ba ta da makarɓin. Wani bincike na 2009 da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago ke ciki, a kan mata kimanin 500 daga Nijeriya da Senegal, ya samu ER a kashi 24 kacal. Amma a 2008 Clement Adebamowo da abokan aikinsa a Ibadan, da suka kula da yadda ake adana naman, sun samu kashi 65. Nazarin da ya haɗa binciken Afirka a 2014 ya nuna inda aka tattara nama da tsari, adadin masu ER na hawa. Nau'in da ba shi da makarɓi ya fi yawa a wurinmu, wannan haka yake, amma wani ɓangare na giɓin daga bokiti ya fito.

Ga yadda abin ke faruwa. An cire mama a wani ƙaramin asibiti, an sa shi ɗungum a bokitin roba, an zuba ɗan ruwan fomalin da bai ko rufe shi ba, wani lokaci ma an sirka shi, an miƙa wa ɗan'uwan mara lafiya ya shiga mota ya kai babban asibiti, wataƙila sai bayan kwana biyu ko uku. Fomalin kuwa kimanin milimita ɗaya yake ratsawa a awa. Kafin ya isa tsakiyar ƙullutun, zafi ya lalata furotin ɗin da ake nema, sakamako ya fito babu ER alhali akwai. Ƙa'idar ita ce a tsattsaga naman, a nutsar da shi cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin awa ɗaya da cire shi, ya zauna awa 6 zuwa 72. Wannan ba ya bukatar na'ura mai tsada, kula kawai yake bukata. Rashinta na hana mace maganin da zai ƙara mata shekaru. Kishiyar haka ma na faruwa: a rubuta tamoksifen ba gwaji, mai sankarar da ba ER ta yi watanni tana sha, ƙullutu na girma, lokacin kemo na wucewa.

Don haka idan ke ce, ko mahaifiyarka, ko matarka, za a yi wa wannan aiki, ku tambayi likita tun kafin tiyata ina za a kai naman, yaushe, kuma a cikin me. Idan sakamako ya fito ku nemi a nuna muku layuka uku, ER da PR da HER2, ku karɓi kwafin takardar ku adana. In ta nuna akwai ER, a sha maganin kullum har ranar da likita zai ce a tsaya.